Shin addinin Buddha ne ya koya wa mawaƙan Sin kallon tsaunuka?

Tambaya: Malam, ina karatun adabin duniya, sai na ci karo da wata magana cewa tsofaffin waƙoƙin Sinawa na tsaunuka da koguna daga addinin Buddha suka samo tushe. To amma waɗanda na karanta a fassara, ko sunan Buddha babu a cikinsu, sai dutse da rafi da gajimare. A ina tasirin yake? Ko dai ƙarin gishiri ne irin na masu sharhi?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Maganar da ka karanta tana da gaskiya a cikinta, sai dai an faɗaɗa ta fiye da kima. Sinawa sun yi wajen shekara dubu suna sa tsuntsu da kogi da itace a waƙa kafin sunan Buddha ya iso ƙasarsu. Abin da addinin ya sauya shi ne matsayin mawaƙi a cikin waƙarsa, wato inda yake tsayawa, da abin da yake nema a jikin tsaunin, da yawan bayanin da yake yi bayan ya gama kallo. Sauyin ya ɗauki kusan shekara 400 kafin ya nuna sosai, kuma da ya nuna, babbar alamarsa ita ce ainihin abin da ya ɗaure maka kai: waƙar da babu sunan Buddha a cikinta.

Mu fara da abin da addinin ya tarar. Tsohon kundin waƙoƙinsu, Shijing, yana ɗauke da waƙa 305, waɗanda aka tsara ƙarnuka da yawa kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waƙar farko a cikinsa tana buɗewa da tsuntsaye suna kuka a wani tsibiri na tsakiyar kogi, sai nan take ta juya kan saurayin da begen budurwa ya hana shi barci. Tsuntsun ƙofa ce kawai, batun waƙar mutum ne. Sannan akwai koyarwar Laozi da Zhuangzi, wadda ta daɗe tana yaba mutumin da ya ajiye muƙami ya koma daji. Addinin Buddha ya shigo ne a ƙarni na farko miladiyya, zamanin daular Han, ta hanyoyin fatake na tsakiyar Asiya, kuma ya daɗe yana hannun baƙi da masu fassara, bai taɓa waƙar manyan fada ba.

Yaƙi ne ya haɗa su. A shekarar 311 Luoyang, babban birnin daular Jin, ya faɗi a hannun mayaƙan arewa, manyan gidaje suka tsere kudu, aka sake kafa daular Jin a Jiankang, inda Nanjing take a yau, a 317. Mutanen da suka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa sai ga su a tsakiyar tsaunuka masu hazo da ƙoramu da kurmin gora. A wannan sabuwar ƙasa ne ruhubanawan Buddha irin su Zhi Dun (314 zuwa 366) suka fara zama da 'ya'yan manya suna tattauna falsafa, suna fassara musu koyarwar Indiya da kalmomin Zhuangzi. Waƙoƙin wannan zamani falsafa ce zalla da aka sa wa amsa-amo, kuma galibinsu ba su da armashi. Wajen shekarar 500, masanin adabi Liu Xie ya taƙaita abin da ya biyo baya, ya ce da Zhuangzi da Laozi suka ja baya, sai tsaunuka da ruwaye suka bunƙasa a waƙa. Shi kansa Liu Xie ya yi shekaru a gidan ibadar Dinglin, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya zama ruhubani.

Akwai wani ɓangare da masu sharhi kan tsallake saboda ba ya da zurfin falsafa, ni kuwa ina ganin da shi ya kamata a fara. Ruhubanawa su ne suka mayar da tsauni wurin da ɗan birni zai iya zuwa ya kwana. Su suka share hanyoyi, suka yi gadoji, suka gina ɗakunan baƙi, suka tara littattafai. Ruhubani Huiyuan (334 zuwa 416) ya zauna a gidan ibadar Donglin a tsaunin Lu, wanda aka gina masa wajen 386, kuma ya yi kusan shekara talatin bai sauko daga tsaunin ba, sai dai manya su hau su same shi. A shekarar 400 shi da almajiransa fiye da talatin suka yi tattaki zuwa wani kwazazzabo da ake kira Ƙofar Dutse, suka rubuta waƙoƙi da gabatarwa wadda take ɗaukar kallon wurin a matsayin hanyar wanke basira. Almajirinsa Zong Bing (375 zuwa 443) shi ya rubuta ɗaya daga cikin maƙaloli na farko kan zanen tsaunuka, kuma da tsufa ya hana shi hawa, sai ya zana su a bangon ɗakinsa yana kallo daga shimfiɗa. Idan ka duba sunayen waƙoƙin daular Tang, za ka ga da yawa suna cewa an ziyarci gidan ibada kaza, ko an kwana a ɗakin ruhubani wane, ko an je neman malami a tsauni ba a same shi ba. Ko mawaƙin bai yi imani da komai ba, a gidan ruhubanawa ya sauka, kuma daga tagarsu ya ga tsaunin.

Wanda ake kira uban waƙar tsauni da ruwa shi ne Xie Lingyun (385 zuwa 433). Jikan babban janar Xie Xuan ne, mai dukiya, mai girman kai, wanda rigimar fada ta sa aka tura shi mulkin Yongjia, yankin Wenzhou na yanzu, a 422. Maimakon aikin ofis sai ya shiga hawan tsaunuka. Har takalmin katako ya ƙirƙira mai haƙoran da ake cirewa, a cire na gaba in za a hau, a cire na baya in za a sauko. Tarihin daular Song ta wancan lokaci ya ce ya taɓa tasa bayi ɗaruruwa suna sare daji suna buɗe masa hanya har zuwa Linhai, har mai mulkin wurin ya zaci 'yan fashi ne. Alaƙarsa da addinin Buddha kuwa babu ja a kanta. Ya san Huiyuan, ya rubuta yabo ga hoton inuwar Buddha da aka yi a tsaunin Lu, ya sa hannu wajen gyara fassarar babban littafin Nirvana, kuma ya rubuta maƙala yana goyon bayan ruhubani Daosheng, wanda ya ce farkawar zuciya farat ɗaya take zuwa, ba kaɗan-kaɗan ba.

Duk da haka, dubi yadda waƙarsa take tafiya. Zai ce ya fito da sassafe, ya bi hanya kaza, sannan ya jera abin da ya gani ɗango biyu-biyu, tsauni a wannan, ruwa a wancan, da ido mai kaifi ƙwarai. Daga nan sai ya faɗi yadda ya ji, ya rufe da hikimar da ya tsinta, sau da yawa daga Zhuangzi ko Yijing, tsohon littafinsu na duba da hikima. Kamar mai wa'azin da ya ba da ƙissa mai daɗi, sannan ya tsaya ya ce wa jama'a ga darasin da ke ciki. Addinin yana bakinsa da ƙwaƙwalwarsa, amma bai riga ya shiga ginin waƙar ba. Shi ne a tsakiya, tsaunin kuma abin da ya ci nasara a kansa. An kashe shi a Guangzhou a 433 bisa zargin tawaye, kuma ana ba da labarin cewa kafin a kashe shi ya ba da gemunsa kyauta don a liƙa wa gunkin Vimalakirti a wani gidan ibada. Riƙe wannan suna, zai dawo.

A tsakanin nan wani abu ya faru da ya shafi karin waƙa. A ƙarshen ƙarni na 5, Shen Yue (441 zuwa 513) da abokansa suka tantance cewa Sinanci yana da karin sauti iri huɗu, suka fara tsara ƙa'idar jera su a ɗango. Mu da harshenmu yake da hawa da saukar murya ba sai an yi mana dogon bayani kan muhimmancin wannan ba. Masanin tarihi Chen Yinke ya kawo hujja a 1934 cewa rera littattafan Buddha da aka ɗauko daga Indiya ne ya buɗe musu kunne. Wasu masana sun yarda, wasu sun musa. Abin da ba a musu a kansa shi ne, daga wannan ƙa'ida ne gajeriyar waƙar Tang mai ɗango huɗu ko takwas ta samu tsayayyen tsarinta.

Yanzu mu zo kan Wang Wei, wanda ya rasu a 761, don a wurinsa amsar tambayarka take. Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 721, ya yi rayuwarsa yana ma'aikacin fada, mai zane, mai kiɗa. Laƙabinsa Mojie, idan ka haɗa shi da sunansa Wei, sai ya ba ka Weimojie, wato yadda Sinawa suke kiran Vimalakirti. Wannan Vimalakirti attajiri ne mai iyali a cikin wani littafi da ruhubani Kumarajiva ya fassara a birnin Chang'an (Xi'an ta yau) a 406, mutumin da yake zaune a gari amma ya fi ruhubanawa fahimta. Ka ga dalilin da ya sa ma'aikatan gwamnati suka ƙaunace shi, tunda ya nuna musu ba sai sun aske kai sun bar aiki ba. Wurin da ya fi shahara a littafin shi ne inda aka tambayi manyan masu hikima yadda ake shiga gaskiyar da ba ta rabu biyu ba. Kowa ya ba da amsarsa. Da aka zo kan Vimalakirti sai ya yi shiru, kuma aka ce shirun nan shi ne amsa mafi cika.

Mahaifiyar Wang Wei ta yi fiye da shekara talatin tana bin malamin Chan mai suna Puji, kamar yadda shi da kansa ya rubuta a takardar da ya roƙi sarki izinin mayar da gidan gonarsa gidan ibada don tunawa da ita. Chan ita ce ɗariƙar zaman tattara hankali da Japanawa suke kira Zen. Wang Wei ne kuma ya rubuta kalaman da aka sassaƙa a dutsen tunawa da Huineng, wanda 'yan Chan suke ƙirgawa shugabansu na shida. Tarihin Tang ya ce Wang Wei bai sake aure ba bayan rasuwar matarsa, kuma ɗakinsa babu komai sai tukunyar shayi, turmin magani, teburin littafi da gadon igiya. A gidan gonar nan ta Wangchuan, a Lantian kudu maso gabas da Chang'an, shi da abokinsa Pei Di suka zaɓi wurare ashirin, kowannensu ya yi wa kowane wuri waƙa mai ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa biyar. Ga ma'anar wadda ta fi shahara, ta Shingen Barewa:

Tsauni fanko, ba a ganin kowa,
sai amon maganar mutane ake ji.
Hasken yamma ya kutso cikin kurmi,
ya sake haska koren gansakuka.

Gaɓa ashirin ke nan, ta ƙare. Gwada ta da ta Xie Lingyun. Babu fitowa da sassafe, babu yadda mawaƙi ya ji, babu darasi. Ba a ma faɗi wanda bai ga kowa ba, ko wanda ya ji amon. Tsohon Sinanci yana ba da damar barin mai aikatawa, wannan ba sabon abu ba ne, amma Wang Wei ya mayar da damar nan ginshiƙin waƙarsa. Inda Xie zai fara bayani, nan Wang Wei ya ajiye alƙalami, kamar yadda mai sunansa ya yi shiru.

Kalmar fanko da ta buɗe waƙar ita ce dai wadda masu fassara suka yi amfani da ita wajen babbar koyarwar da Kumarajiva ya kawo daga littattafan Nagarjuna, malamin addinin Buddha na Indiya. Koyarwar ba ta cewa babu komai. Cewa take babu wani abu da yake tsaye da kansa, kowane abu haɗuwar dalilai ne, idan dalilan suka watse shi ma ya watse, har da wannan "ni" da mutum yake ji a ransa. To duba abubuwan da Wang Wei ya zaɓa: murya ba mai magana, da haske a kan gansakuka wanda ba zai samu ba sai rana ta sauko daidai wani mizani, ta dace da wata kafa tsakanin itatuwa, kuma nan da ɗan lokaci babu shi. Bai faɗi koyarwar ba, ya dai zaɓo abubuwan da ba a iya ganin su sai ta wannan fuska. Haka ma waƙarsa kan wani kwari mai itatuwan fure, inda jajayen furanni suke buɗewa a tsauni, bukkar bakin rafi shiru ba kowa, suna buɗewa suna zubewa. A tsohuwar al'adar waƙarsu, zubewar fure dalilin kuka ne, tana tuna wa mawaƙi tsufa ko rashin samun muƙami. A nan babu mai kukan. Wannan a ganina shi ne tasirin da kake nema, kuma ya fi ƙarfi a nan fiye da a waƙoƙinsa da suka ambaci addini ƙarara, kamar ta ziyarar gidan ibadar Xiangji, wadda ta rufe da cewa zaman natsuwa yana danne maciji mai dafi, wato son zuciya. Waccan tana da kyau, amma ɗangon ƙarshe ya koma salon wa'azi.

Wani gargaɗi gare mu masu karatu da Hausa. Idan muka ga mutum yana kallon tsauni cikin natsuwa, hankalinmu yakan tafi ga tafakkuri, wato duban halitta don a gane Mahalicci. Waɗannan waƙoƙi ba haka suke ba. Addinin Buddha bai ginu kan Mahalicci ba, saboda haka hasken da ke kan gansakukan ba aya ba ne da ke nuna wani a bayansa. Kuma ba irin waƙoƙin zuhudu ba ne masu aibata duniya da kiran ta mayaudariya. Wang Wei ba ya zagin furen don zai zube. Wanda ya karanta shi da wancan ido zai ji daɗi, amma wata waƙa daban ya karanta.

Bayansa salon ya yaɗu. Liu Zongyuan (773 zuwa 819), da aka kore shi zuwa Yongzhou a 805 bayan gyaran mulkin da ya shiga ya rushe, a gidan ibadar Longxing ya fara sauka. A can kudu ya yi waƙar nan ta dusar ƙanƙara a kogi, inda tsaunuka dubu babu tsuntsu, hanyoyi dubu goma babu sawun mutum, sai wani tsoho shi kaɗai a kwalekwale yana kamun kifi cikin sanyi. Ana karanta ta da idon addini, amma ni ina jin ɗacin korarre da taurin kansa a cikinta fiye da natsuwa. Akwai kuma ruhubanawa mawaƙa, irin su Jiaoran wanda ya rubuta littafi kan ƙa'idojin waƙa yana alfahari da cewa shi zuriyar Xie Lingyun ne, da waƙoƙi kusan 300 da ake danganta wa Hanshan na tsaunukan Tiantai, masu harshen talaka da gatsali.

To ina ƙarin gishirin? Na farko, Tao Yuanming (365 zuwa 427), wanda ya ajiye aiki ya koma noma a gindin tsaunin Lu ɗin nan, yana da waƙoƙin karkara masu natsuwar da ba ta gaza ta kowa ba, alhali bai bi Huiyuan ba. Masana da dama ma suna karanta waƙarsa ta jiki da inuwa da ruhi a matsayin martani ga koyarwar Huiyuan cewa ruhi ba ya mutuwa. Na biyu, mantawa da kai yana cikin Zhuangzi tun kafin zuwan addinin, kuma ita kanta Chan a ƙasar Sin ta tsiro, ta sha daga wannan rijiyar, don haka raba na Buddha da na Dao, wato koyarwar Laozi da Zhuangzi, a cikin ɗango ɗaya sau da yawa aikin banza ne. Sannan waƙoƙin Wangchuan wasan zumunci ne tsakanin abokai biyu a gonar mai hali, ba littafin ibada ba. Wang Wei bai bar aikin fada ba har ya mutu, har ma da 'yan tawayen An Lushan suka kama shi a 756 suka tilasta masa yi musu aiki, abin da ya kusa jawo masa hukunci mai tsanani. Kuma Du Fu, wanda Sinawa suka fi girmamawa a cikin mawaƙansu, tsaunukansa cike suke da yaƙi da yunwa da kewar gida.

Yawancin kalaman da ka gani a sharhi daga baya suka zo. A ƙarni na 13 Yan Yu ya rubuta cewa hanyar waƙa kamar hanyar Chan take, dukkansu farkawa suke nema, ya kwatanta kyakkyawar waƙa da wata a cikin ruwa da sura a cikin madubi, kwatance da ya aro daga littattafan Buddha. Wang Shizhen (1634 zuwa 1711) ya ɗora a kai, ya ɗauki gajerun waƙoƙin Wang Wei a matsayin Chan tsantsa. Da wannan tabarau ne aka fassara su zuwa harsunan Turai, kuma da shi suka iso gare ka. Tabarau ɗin yana nuna abu na gaskiya, sai dai an ƙera shi ɗaruruwan shekaru bayan mai waƙar.

A nasu ɓangaren, malaman addinin ma sun matso kusa da mawaƙan. Zhanran (711 zuwa 782) na ɗariƙar Tiantai ya kawo hujja cewa ɗabi'ar Buddha ba ta tsaya ga masu rai ba, ta game ciyawa da itace da dutse. Wannan magana ta sami karɓuwa a gabashin Asiya fiye da yadda ta taɓa samu a Indiya. A 1084 Su Shi, yana kan hanyarsa ta barin Huangzhou inda aka kore shi, ya kwana a Donglin, gidan ibadar Huiyuan, ya rubuta wa shugaban gidan Changzong baiti yana cewa ƙarar ƙorama ita ce harshen Buddha mai faɗi da tsawo, launin tsauni kuma shi ne tsarkakakken jikinsa, da dare ya ji baitoci dubu tamanin da huɗu, ta yaya zai faɗa wa mutane gobe? A nan sunan ya fito fili, don a zamanin Su Shi abin ya riga ya zama sananne. A 1240 malamin Zen na Japan, Dogen, ya ɗauki wannan baiti na ma'aikacin gwamnati ya gina darasi guda a kansa don almajiransa, ya sa wa darasin suna daga ƙarar ƙorama da launin tsaunin da ke cikin waƙar.